Fatawa: Shin Raguwar Jama'a a Japan da Koriya Hujja Ce ta Hana Mace Hutun Haihuwa?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole, ina zaune a unguwar Birni nan Damagaram. Shekara takwas ke nan da aurena, maiɗakina ta haihu sau biyar, huɗu suna raye, ɗaya ya koma. Haihuwar ƙarshe sai da aka yi mata aiki aka ƙara mata jini, kuma likita da ungozoma sun ce lallai ta huta shekara biyu ko uku kafin wani ciki. Ita ta amince, ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya, domin na ji a rediyo cewa a Japan da Koriya ta Kudu masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa yawa, har ana rufe makarantu saboda babu yara, kuma abokan zamana sun ce da irin wannan tazarar suka fara, yanzu mu ake so a ja cikin ramin. Shin idan na yarda ban saɓa wa umarnin Annabi na yawaita al'umma ba? Kuma ya halatta hukuma ta ƙayyade wa mutane yawan ƴaƴa?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya ba maiɗakinka lafiya, ya raya abin da ya ba ku, ya sa wanda ya riga ku ya zame muku mai ceto.

Abin da ka ji a rediyo gaskiya ne, ɗan'uwa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a fahimta ba. Masana ƙidaya sun ce kafin al'umma ta tsaya a kan adadinta, ba ƙari ba ragi, sai matsakaicin abin da kowace mace take haifa a tsawon rayuwarta ya kai 2.1. A Koriya ta Kudu wannan adadin ya sauka zuwa 0.72 a shekarar 2023, kuma tun 2020 mace-mace suka rinjayi haihuwa a can. Ka ƙaddara mutum ɗari, rabinsu mata: da wannan lissafin ƴaƴa 36 za su bari, jikokinsu kuma ba za su wuce 13 ba. Japan ta kai ƙololuwarta wajen 2008 da mutum miliyan 128, daga nan ta shiga raguwa, har a 2023 aka haifi jarirai kimanin dubu 727 alhali waɗanda suka mutu sun haura miliyan ɗaya da rabi. Kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanenta sun kai shekara 65 ko sun wuce, kuma gidaje wajen miliyan tara suna tsaye babu kowa a ciki. Duk wannan ya faru ba da yaƙi ba, ba da annoba ba. Abin da ya fi muni a cikinsa shi ne wuyar juyawa, domin ƴan matan da ba a haifa bana ba su ne iyayen da za a nema a rasa nan da shekara ashirin da biyar, shi ya sa hukumomin can suke zuba dukiya mai yawa don jan hankalin matasa su haihu amma abin bai koma yadda yake ba.

Duba halin wasu al'ummai don ɗaukar darasi yana da asali a Sunna. Imam Malik a Muwaɗɗa da Imam Muslim sun ruwaito daga Judamatu ƴar Wahbu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar hana kusantar mace mai shayarwa, sai ya tuna cewa Rumawa da Farisawa suna yin haka kuma bai cutar da ƴaƴansu ba, sai ya fasa. To amma ka lura da yadda ya duba: ya dubi aikin da kansa da abin da ya haifar. A nan ne abokan zamanka suka yi tuntuɓe, domin sun ga sakamakon sun jingina shi ga abin da bai haifar da shi ba. Abin da ya ƙarar da haihuwa a Koriya da Japan ya fara ne daga ƙofar aure. Matasa da yawa sun daina yinsa, waɗanda suke yi kuma sai mace ta kai talatin ko ta kusa, saboda tsadar muhalli a biranen Seul da Tokiyo, da kuɗin karatun yara, da aikin da yake cinye yini da rabin dare, da kuma ra'ayin da ya bazu cewa ɗa nauyi ne da ya fi kyau a kauce masa. Ma'auratan da suka tsaya a kan ɗa ɗaya ko suka ƙi haihuwa ɗungurungum, ina haɗinsu da matar da ta haihu biyar cikin shekara takwas, aka tsaga cikinta, take neman ɗinki ya warke? Ƙiyasi ba ya inganta sai dalilin hukunci ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu, nan kuwa ko kusa bai zama ɗaya ba.

Halin ƙasarmu ma ya isa ya kwantar maka da hankali ta wannan fuskar. Binciken lafiya na 2012 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Nijar 7.6 ne, na 2021 kuma ya nuna 6.2, wanda har yanzu yana sahun gaba a duniya. Mutum miliyan uku da ɗoriya ne muka karɓi ƴancin kai a 1960, ƙidayar 2012 ta same mu miliyan 17, jihar Damagaram ce kan gaba da sama da miliyan uku da rabi, kuma kusan rabin mutanen ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Mu azuzuwan makarantunmu cika suke yi har yara su zauna a rumfar zana.

Asalin shari'a shi ne son zuriya da kwaɗaitarwa a kan yawanta, wannan babu jayayya. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Ma'aƙilu ɗan Yasar umarnin auren mace mai soyayya mai haihuwa, domin Annabi zai yi alfahari da yawanmu a kan sauran al'ummai, kuma Annabi Shu'aibu ya tunatar da mutanensa a Suratul A'araf aya ta 86 cewa sun kasance kaɗan sai Allah ya yawaita su, ya ƙidaya musu wannan cikin ni'ima. Saboda haka yanke haihuwa gaba ɗaya, kamar ɗaure mahaifa ko yi wa namiji aikin da zai hana shi haihuwa har abada, haramun ne, sai fa inda likitoci amintattu suka tabbatar wani ciki zai iya halaka matar kuma babu wata hanya. Zubar da cikin da ya riga ya shiga shi ma a mazhabarmu ta Malikiyya an haramta shi ko kafin kwana arba'in, kamar yadda Shehu Dardir ya bayyana. Wanda kuma ya ƙi haihuwa don yana zaton Allah ba zai ciyar da abin da ya halitta ba, ya munana zato ga Ubangijinsa, wanda ya ce a Suratul Isra'i aya ta 31 shi ne yake arzuta ƴaƴan da ku.

Jinkirta ciki na wani lokaci kuwa babi ne dabam. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka, kuma a ruwayar Muslim labari ya kai ga Annabi bai hana su ba. Akwai ruwayar da ta kira azalu ɓoyayyen bisne ɗa da rai, wadda Ibnu Hazmin ya riƙe ya haramta, amma jumhurun malamai sun haɗa hadisan suka ɗauki wannan a kan karhanci idan babu wata buƙata. Imam Malik ya shardanta izinin mace ƴa, wato wadda ba baiwa ba, domin haƙƙin samun ɗa na su biyu ne. Ƙwayoyi, da allurar wata uku, da ɗan tsinken da ake sawa a ƙarƙashin fatar dantse, duk hukuncin azalu suke ɗauka matuƙar suna hana shigar ciki ne na ɗan lokaci kuma ba su cutar da jiki. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, inda ta halatta tazara da shawarar miji da mata saboda buƙatar da shari'a ta yarda da ita, ta haramta yanke haihuwa ba da larura ba, ta kuma ce bai halatta a kafa dokar gama-gari da za ta tauye ƴancin ma'aurata wajen haihuwa ba.

Wannan na ƙarshe shi ne amsar tambayarka ta biyu. Sin ta gwada dokar ɗa ɗaya daga 1980, ta sassauta zuwa biyu a 2016, zuwa uku a 2021, amma mutane sun riga sun saba, sai ga shi a 2022 adadin jama'arta ya ragu karo na farko cikin shekara sittin. Hukuma tana da ikon wayar da kai da gina wuraren awo da haihuwa, amma ƙayyade adadi ba hurumin kowa ba ne. Idan ma wasu ƙungiyoyin waje suna da tasu manufa, hukuncin abin da ka yi a ɗakinka yana rataye ne da niyyarka da halin matarka.

Ina so ka tuna da abin da iyayenmu suka saba, domin ana magana kamar hutun haihuwa baƙon abu ne da jirgi ya sauke. A garin nan mace takan tafi gidan iyayenta wankan jego, ta yi goyo shekara biyu cur kafin yaye, kuma wadda ta yi kwanika tsofaffin mata ba sa ƙyale ta da gori, mijinta ma sai ya sha kunya a majalisa. Ba shari'a ce ta wajabta musu ƙaurace wa juna ba, hadisin Judamatu ya nuna haka, amma sun gane da idonsu cewa rurrutsa tana karya uwa tana jefa na goye cikin tamowa. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara aya ta 233, kuma a cikin wannan ayar ce aka ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma wata ashirin da huɗu ta ba da shawara a jira bayan haihuwa kafin wani ciki, wanda ya zo daidai da abin da kakanninmu suke kai.

Na taɓa sallatar wata baiwar Allah a wani ƙauye ta wajen Miriya, wadda aka yi wa aiki aka gargaɗi mijinta, bai ji ba, kafin shekara ta zagayo wani ciki ya shiga, mahaifa ta fashe a wurin tsohon ɗinki tun suna kan amalanke ba su kai bakin titi ba. Da muka dawo daga maƙabarta na tarar da na goyenta a bayan kakarsa yana neman nono, ƴar babbar kuma, wadda ba ta wuce shekara bakwai ba, tana tsugune tana hura wuta. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan imaninmu ne, amma wanda aka gaya wa ya ƙi ji za a tambaye shi. Mutumin nan yawan zuriya yake nema, sai ya rasa uwar da za ta haifa masa sauran, ya bar waɗanda suke hannu cikin maraici. Har yau idan aka kawo mini irin tambayarka yarinyar nan nake gani.

Saboda haka hukuncin da ya shafe ka shi ne: jinkirta ciki ga maiɗakinka na tsawon da likita ya faɗa halal ne, babu saɓa wa Sunna a cikinsa. Idan kuma likita masani amintacce ya rinjayar da cewa ciki a wannan lokacin zai jefa rayuwarta cikin haɗari, to abin ya tashi daga halacci ya koma wajibi, kuma ba ka da ikon hana ta, domin ƙa'idar da Malik ya ruwaito ta ce babu cuta babu cutarwa, kuma tsare ran da yake raye yana gaba da neman wanda ba a halitta ba tukuna. Kada ka ji tsoron kana toshe abin da aka ƙaddara, domin Annabi ya ce wa mutumin da ya tambaye shi azalu ya yi idan ya so, abin da aka ƙaddara mata zai zo mata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mace ta sha magani a ɓoye alhali mijinta mai sauraro ne, kamar yadda ban yarda miji ya tilasta mata sha ko bari ba. Inda aka sami taurin kai kuma ga cuta a fili, sai a kai maganar gaban waliyyinta da malamin da suka amince da shi.

Ka raka ta da kanka wurin likita, ka ji bayani da kunnenka, ku zaɓi hanyar da ta dace da mai shayarwa wadda aka yi wa aiki, kada ku sayi ƙwaya a tiren mai talla a bakin kasuwa. Idan hanyar da aka zaɓa ta rikita mata jinin al'ada, ta riƙe kwanakin da ta saba ta ƙara kwana uku na istizhari muddin ba ta haura sha biyar ba, abin da ya wuce haka istihala ce, wato jinin ciwo, sai ta yi wanka ta ci gaba da salla. Idan wa'adin ya cika, ƙarfinta ya dawo, likita ya duba ya ce babu laifi, sai ku ajiye maganin ku roƙi Allah zuriya ta gari.

Wallahu a'alam.