Amsa ga Yaya kan rigar Gizo-gizo

Yaya, ina yi maka fatan alheri, da kai da iyali baki ɗaya. Na saurari saƙon muryar da ka turo har sau uku, tun ranar da uwar yara ta saka hoton ƙaramin ɗanka a zauren danginmu na WhatsApp, yana sanye da jar rigar Spider-Man. Ka tambaya ko haka muke sakin yara su yi shigar dodanni a Amurka. Ka kuma ce an gaya maka ni kaina nakan yanki tikiti in shiga sinima kallon mutane masu tashi sama. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Ina zuwa, ina kuma son finafinan nan, kuma tunda kai ne babba, kana da haƙƙin jin dalili daga bakina.

Bari in fara da sinimar kanta, domin na san hoton da ke zuwa maka a rai. Kana tuna Plaza da Orion da Marhaba a zamaninmu, inda yaron da aka gani a bakin ƙofa sai labari ya riga shi isa gida, mace kuwa ba ta ma kusantar wurin. A nan ba haka abin yake ba. Magidanci ne zai kwashi matarsa da 'ya'yansa su tafi da rana tsaka, su zauna a jere, a gama su dawo. Kowane fim da alamar shekarun da suka dace a kalle shi, kuma yawancin finafinan jaruman nan an sa musu alamar shekara 13. Mu mutanen Bronx ta birnin New York, Hausawan Najeriya da na Nijar da 'yan zangon Kumasi da Nima, mun fi zuwa ranar Talata saboda ana rage kuɗi. Abin da muke fara dubawa shi ne lokacin salla. Avengers: Endgame na 2019 awa uku ne cur, sai da na lissafa yadda za mu shiga bayan azahar mu fito da sauran la'asar a hannu.

Akwai abin da ban sani ba sai da na shekara da yawa a nan: unguwar da muke zaune ita ce mahaifar wani babban kaso na labaran nan. Idan ka hau jirgin ƙasa mai lamba 4 ka yi arewa, za ka sauka kusa da makarantar sakandare ta DeWitt Clinton. A nan Bob Kane da Bill Finger suka yi karatu, waɗanda suka ƙirƙiro Batman a 1939. A nan ma Stan Lee ya yi, wanda shi da abokan aikinsa suka fito da Spider-Man a 1962 da Black Panther a 1966. Su waye waɗannan mutane? 'Ya'yan baƙi ne, Yahudawan da iyayensu suka baro Turai da talauci suka zo cin rani suka zauna, kamar yadda muka zo. Stan Lee sunansa na yanka Stanley Lieber. Jack Kirby, mai zanen Black Panther, an haife shi Jacob Kurtzberg. Superman da ya fito a 1938 wasu samari biyu ne 'ya'yan baƙi suka yi shi a Cleveland, kuma labarinsa na jariri ne da aka aiko daga wata duniya da ta halaka, ya tashi a hannun mutanen da ba nasa ba, da suna ɗaya na asali da wani na fita waje.

Wannan shi ne abin da ya kama ni, Yaya, kuma shi nake so ka duba da kyau. Yaranmu a nan kowanne mutum biyu ne. A gida Muhammadu ne, yana durƙusawa ya gaida baƙo, yana cin tuwo da miyar kuka, Asabar da Lahadi yana Islamiyya. A makaranta an gutsure sunan ya koma Mo, harshensa ya juye, akwai abubuwan gida da ba ya faɗa wa abokansa, akwai na makaranta da ba ya faɗa mana. Ba munafunci ba ne, nauyi ne da yaro yake ɗauka shi kaɗai tun yana shekara shida. To sai ya ga Peter Parker, wato Spider-Man, maraya ɗan Queens da gwaggonsa ta riƙe, kullum kuɗin haya na damunsu, yana ɓoye rabin rayuwarsa a ƙarƙashin riga. Ko Miles Morales na Brooklyn, wani Spider-Man ɗin, baƙar fata, mahaifiyarsa na yi masa faɗa da Sifaniyanci kamar yadda uwar yara ke yi da Hausa. Yaro ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Da babban ɗanka ya fara buɗe mini cikinsa game da abin da yake fuskanta a makaranta, a hanyar dawowa daga kallon Spider-Man: Into the Spider-Verse ne, ƙarshen 2018, muna cikin jirgi. Da na hana shi kallo, da ban ji maganar ba.

Shi ya sa a wurina Spider-Man ya fi su duka. Ba attajiri ba ne irin Batman, ba sarki ba ne, ɗan unguwa ne. Nakan ce wa yara mu ma muna da namu Gizon, mijin Ƙoƙi, sai dai namu wayonsa na cika cikinsa ne, nasu kuwa yana kashe kansa a kan mutanen da ba su ma san sunansa ba. Ta wannan ƙofar na shigar musu da tatsuniyoyin da Inna ke yi mana a tsakar gida, kuma sun karɓa.

Ranar da Black Panther ya fito, a watan Fabrairun 2018, ba zan manta ba. Mutanenmu suka yi shiga kamar ta Salla. Na ga babbar riga da hula zanna a layin tikiti, na ga 'yan Gana da kente, 'yan Senegal da shadda, baƙaƙen Amurka suna tsayar da mu suna tambayar sunan ɗinkin. Da aka nuno Wakanda, ƙasar Afirka da aka ƙirƙira a fim ɗin, muryar mawaƙi Baaba Maal ta tashi da Fulatanci, ga ƙaramar gangar nan ta Senegal mai magana kamar kalangu, sai na ji tsigar jikina ta tashi. A fadar sarkin har da masu shigar Buzaye. Matar da ta tsara tufafin, Ruth Carter, ta ci kyautar Oscar a kansu, kuma ta cancanta.

Amma fim ɗin ya yi mini ciwo a wuri ɗaya. Tun farkonsa aka rubuta dajin Sambisa a jikin allo, ga motoci cike da mata masu lulluɓi, ga 'yan bindiga, ɗaya daga cikinsu ya rantse da wallahi zai harbe mace. A duk tsawon fim ɗin da ke ɗaukaka Afirka, nan ne kawai aka taɓo ƙasarmu da addininmu, kuma da wannan fuskar. Ba ƙarya suka yi ba, abin Chibok na 2014 ya faru, kai ka fi ni sanin zafinsa. Sun kuma kyauta da suka sa Nakia, jarumar fim ɗin, ta hana a kashe wani yaro cikin 'yan bindigar saboda shi ma sato shi aka yi. Duk da haka, ɗanka ya juyo ya dube ni da ya ji kalmar da yake ji a bakina kullum ta fito daga bakin mugu. Mun daɗe muna wannan magana a gida. Da Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin Black Panther, ya rasu a watan Agustan 2020 yana da shekara 43, bayan ya ɓoye ciwon daji yana aiki, yaran unguwar nan sun yi jimami kamar ɗan gidansu ne.

Yanzu ga tambayarka mafi nauyi, ta aƙida. Ba zan ce maka babu abin tsoro ba. Akwai Thor da suke kira ubangijin tsawa, akwai Doctor Strange da aikinsa tsafi ne tsantsa. Gidajenmu ba su haɗu a kan matsaya ɗaya ba. Wasu sun haramta waɗannan biyun gaba ɗaya, wasu ma duk finafinan, kuma ina girmama su. Ni abin da nake yi shi ne in fara kallo kafin yara, sannan in zauna tare da su. Mun taso muna jin labarin dodo mai haɗiye gari da dabbobi masu magana, amma mai tatsuniya kan rufe da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya, kowa ya watse ya san inda wasa ya tsaya. Wannan rufewar ce fim ba ya yi, ita ce aikin uba. Akwai kuma waɗanda ba sa shiga gidana ko da wasa: Deadpool saboda ƙazamin baki, da Joker na 2019, duk da cewa matakalar da aka ɗauki rawar nan tasa tana Highbridge, inda 'yan Afirka ta Yamma suka yi yawa, kuma matanmu na hawanta da kayan cefane suna ratsa masu ɗaukar hoto.

Shirin talabijin na Ms. Marvel na 2022 ya raba kan iyaye mata sosai. Yarinya ce Musulma 'yar asalin Pakistan a Jersey City, ana nuna ta a masallaci, ana nuna bikin Salla, da uwa mai sa ido. 'Yarka ta kalle shi ba ta ƙifta ido. Wasu iyayen sun ce yarinyar na fita ta taga da dare, kuma an cusa zancen aljanu inda bai dace ba. Na yarda da su a kan aljanun. Amma ban taɓa ganin 'yarka ta yi alfahari da kallabinta a gaban talabijin ba sai lokacin.

Dune kuwa, kashi na biyu da ya fito a 2024, ta fuskar aiki ban ga kamarsa ba a shekarun nan: hamadar Jodan da ta Abu Dhabi, sauti mai girgiza kujera. Sai dai jama'a ne a cikinsa suke kiran wani baƙo Mahdi, suna bin sa zuwa yaƙi. Mai kallo a nan yana ɗauka kalma ce da aka ƙirƙira. Mu kuwa mun san kakanninmu sun bar gidajensu sun nufi gabas saboda wannan kalma, mun san yaƙin Burmi a 1903, mun san garin Mai Wurno a bakin Nilu a Sudan. Labarin gargaɗi ne a kan wanda ke hawa imanin talaka don ya kai ga mulki, kuma na yaba da hakan, amma na fito zuciyata ba daɗi ganin an ari kalmominmu an bar masu su a waje.

Finafinan kamfanin Marvel, mai su Avengers, na bayan Endgame yawancinsu sun gundure ni. Tun da suka shigo da zancen duniyoyi barkatai, wanda ya mutu a nan sai ya dawo daga can, mutuwa ta daina nauyi a labarin, kuma labarin da mutuwa ba ta da nauyi a cikinsa ba ya kama zuciya.

Game da hoton da ka gani: ba na bikin 31 ga Oktoba ba ne, wanda yara ke yawo gida-gida da shigar fatalwa. Wannan ba ma yin sa, ranar ma malaman Islamiyya kan tara yara a masallaci a raba musu alewa. Hoton na taron masoya littattafan zane ne da ake yi duk Oktoba a zauren Javits da ke Manhattan, ni na riƙe hannunsa muka je, muka yi azahar a wani lungu tare da wasu samari 'yan Bangaladash. Yanzu ya ware littattafan Spider-Man guda shida ya ce na 'yan'uwansa ne idan mun zo Babbar Salla. Na ce masa sai Baba Babba ya duba su ya amince, don haka za su fara sauka a hannunka. Ka gaida Inna da kyau, ka ce mata maganin ƙafarta na nan tafe da mai zuwa Kano a ƙarshen wata.