Zauren Kawu: Ƙungiya uku, amfili ɗaya

TAMBAYA

Kawu, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Shekarata 24, gyaran waya nake yi a kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, da yamma kuma ina kaɗa jitar lantarki. Kiɗanmu shi ne hebi metal, wato kiɗan jita da ganguna mai tsananin ƙara da kaurin murya. A iya sanina ƙungiyoyi uku ne ke yin sa a garin nan, mu 11 duka-duka, sai wasu samari biyu a Marwa da muka haɗu ta WhatsApp. Amma kowa tasa ta fisshe shi. Masu ganguna ba su da amfili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mu masu amfili ba mu da wurin gwaji, don mai gidan da muke haya ya ce kada ya sake jin wannan ƙara. A unguwa kuma ana cewa kiɗan shaiɗanu ne, har maganar ta kai kunnen mahaifiyata, kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska. Mun yanke shawarar haɗa kai mu shirya babban biki a Disamba, mu gayyato 'yan Yawunde da Duwala. Ta ina za mu fara?

Ɗanka, daga unguwar Yelwa, Garwa.

AMSA

Ɗana, na gode da wasiƙarka, kuma na ji daɗin yadda ka faɗi adadinku ba ka ƙara gishiri ba. Mutum 11 ba kaɗan ba ne. Amma maganar babban bikin Disamba, ku ajiye ta a gefe tukuna. Wanda bai da ɗakin gwaji bai kai ga kiran baƙi daga Duwala ba. Kuɗin jirgin ƙasansu zuwa Ngaundare, da motar da za ta ƙaraso da su Garwa, da masauki, da abinci, su kaɗai sun isa su cinye abin da za ku tara a shekara.

Na yi shekaru ina haɗa sifika a wuraren biki da suna tsakanin Garwa da Marwa, don haka bari in ba ka labarin abin da na gani da idona. Muna samari, mu ƙungiya huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi amfili ɗaya na hannu. Murna kamar ranar salla. Wata biyar ya yi a hannunmu. Ran nan aka ɗauke wuta ana tsakiyar gwaji, ba wanda ya tuna ya zare waya, da wutar ta dawo da ƙarfinta sai muka ji wani ɗan tas, sai ƙaurin roba ya cika ɗakin. Har yau ina tuna yadda muka tsaya cirko-cirko muna kallon siririn hayaƙi na fita ta bayansa. Wa zai biya? Kowa ya ce ba a hannunsa ya lalace ba. Kafin mako ya zagayo, abokai biyu sun daina gaisawa. Amfilin yana gyaruwa, na gyara irinsa da yawa daga baya. Abin da ya kashe mu shi ne ba mu rubuta komai ba.

Saboda haka abu na farko da za ku saya shi ne littafi mai bango mai ƙarfi da biro. Ku yi adashi, irin wanda iyayenku mata ke yi shekara da shekaru ba tare da banki ba, sai dai naku ba mutum ke kwasa ba, kaya ke kwasa. In kowa ya zuba sefa 2,000 a wata, kun tashi da 22,000. Kwasar farko ta tafi ga na'urar daidaita ƙarfin wuta, kafin tsirkiya, kafin komai, domin ka san halin wutar Arewa idan rani ya tsananta ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. Ta biyu da ta uku ku nemi ɗaki a bakin gari, irin kangon da ba maƙwabci kusa, ku lulluɓe bangon da tsofaffin katifu da buhunan algarara. Mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe littafi daban, kuma kada su fito daga ƙungiya ɗaya. A shafin farko ku rubuta ƙa'ida uku ko huɗu kowa ya sa hannu: wace ƙungiya ke da wace rana, wa ke kulle ɗaki, wa ke biya idan abu ya lalace, da abin da mutum zai ɗauka idan ya ce ya fita. Wannan ta ƙarshen ita mutane ke jin nauyin faɗa, ita ce kuwa ke raba zumunci. Ku faɗe ta yanzu da kuke dariya da juna.

Kada ƙarancin kaya ya sa ku raina kanku. Kiɗan nan a unguwannin ma'aikatan masana'antu na Bamingam a Ingila aka haife shi. Tony Iommi, mai jitar ƙungiyar Black Sabbath, yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe. Ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya koma siraran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi, sautin ya ƙara nauyi da kauri. Faifansu na farko ya fito a 1970. Kai da kake riƙe da ƙarfen walda kullum kana gyaran waya, ai gyaran igiyar jita da makirufo ba zai gagare ka ba. Ka zama makanikin tafiyar, ka kuma koya wa mutum biyu.

Idan ɗaki ya samu, sai rana. Ku tsayar da yini ɗaya a wata, misali Asabar ta ƙarshe, daga bayan la'asar zuwa kafin magariba, kowace ƙungiya minti 20. Ko mutum 15 suka zo, ku kaɗa. Ko ƙungiya ɗaya ta yi fushi, sauran biyu su kaɗa. Masu sauraro ba sa taruwa sai sun tabbata cewa in sun zo za su tarar da ku. Bikin Wacken na Jamus, wanda yau ke tara mutane sama da 70,000, a 1990 samarin wani ƙaramin ƙauye suka fara shi da 'yan ɗaruruwa. Amma misalin da ya fi kama da naku shi ne na Ghanzi, wani gari a hamadar Kalahari ta Botswana, inda 'yan ƙungiyar Overthrust suka soma bikin metal na shekara-shekara a 2010, suna tallafa wa yara marasa galihu da abin da aka samu. Da haka garin ya san su da wani abu ban da baƙaƙen kaya da ƙara.

Wannan ya kawo ni kan maganar mahaifiyarka, wadda ta fi duk sauran nauyi a wurina. Kada ka ɗauki zancen shaiɗanci da wasa. A 2003 a Kasabalanka ta Maroko, an gurfanar da samari 14 masu wannan kiɗa da masoyansa bisa irin wannan zargi, aka yanke musu ɗauri daga wata ɗaya zuwa shekara guda. Sai da jama'a suka tashi tsaye kafin kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mafi yawansu. Ku riga jita-jita isa wurin manya. Ku je ku gaida mai unguwa, mutum uku cikin shigar mutunci, ku gaya masa ranar da kuke kiɗa da lokacin tashi, ku ce ba giya ba ƙwaya a ɗakinku, sannan ku cika alkawari. In an kira salla a kashe amfili. Da azumi a rufe ɗaki. Ita kuwa Hajiya, ka zauna kusa da ita ka karanta mata baitocin waƙarka ba tare da kiɗa ba, a hankali, ta ji da kunnenta abin da ɗanta ke faɗa. In akwai baitin da ba za ka iya karanta mata ba, ka sake duba shi. Hotunan ƙoƙon kai da ƙahoni da kuke kwafowa daga intanet ba su ne kiɗan ba, kuma a garinmu tsadarsu ta fi amfaninsu.

Ta fuskar hukuma, tun Yulin 2020 ƙungiyoyin masu fasaha da al'adu a Kamaru suna da dokarsu ta musamman, don haka ku fara da ofishin ma'aikatar fasaha da al'adu na yankin Arewa ku karɓi jerin takardun da ake bukata. Duk taron da za a buɗe wa jama'a kuma, a sanar da ofishin sufurefe, wato shugaban gunduma, da wuri, a riƙe rasit a aljihu. Ranar 21 ga Yuni, ranar bikin kiɗa, dama ce ta hawa dandalin da wasu suka riga suka kafa. Ku nemi minti 15 a ciki tun watan Afrilu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan iya yin shiru a kai ba. Da wane harshe kuke waƙa? In Turancin da kuka haddace ne, 'yan Garwa ba su da dalilin tsayawa su saurare ku. Ƙungiyar Arka'n Asrafokor ta Lome a Togo ta zuba kiɗan gargajiyar Ewe da harshensu cikin metal, shi ya sa aka san da ita har Turai. Ku kuma kuna da abin da ya fi haka kusa. Ka taɓa tsayawa a filin dambe lokacin da kalangu ya ɗau zafi, ɗan dambe ya fito yana kirari jijiyoyin wuyansa a tashe? Ko 'yan tauri idan an buga musu takensu? Wannan kaurin murya da kuke wahalar koyo daga bidiyo yana nan a gidanku. Ku nemi makaɗin kalangu ɗaya, ku biya shi haƙƙinsa kamar yadda ake biyansa a biki, ku zauna da shi yini guda ku ga inda bugunsa zai haɗu da jita. Ku gwada waƙa ɗaya da Hausa, ɗaya da Fulatanci.

Samarin Marwa biyun nan kuma ku sa su cikin adashin, su riƙa turo nasu ta waya, wata uku-uku su zo su kwana wurinku. Idan kun yi Asabar ɗin ƙarshen wata sau shida a jere ba fashi, ka sake rubuto mini. Ina da tsohuwar na'urar haɗa sauti mai layi takwas da makirufo biyu a ajiye, zan ɗauko su in zo ta bakwai, kuma zan fara duba littafin kafin in jona waya.