Amsa ga mai tambaya kan bashin Mirza Galib

Assalamu alaikum. Ƙanena, wallahi da na karanta saƙonka sai da na ajiye waya na yi shiru. Ka ce shekara biyu ke nan kana bin kuɗin waƙar da ka rubuta wa wani, kuma ka ji an ce Mirza Galib, shahararren marubucin waƙoƙin Urdu da Farisanci na Indiya, ma da bashi ya mutu, kana son ka san ko gaskiya ne ko kuwa lallashinmu kawai ake yi.

Gaskiya ne. A Delhi ya rasu a 1869, bai taɓa mallakar gidan kansa ba. Lokacin da na raka yayana asibiti a Indiya na nemi unguwar Ballimaran inda ya zauna a ƙarshen rayuwarsa. Lungu ne matsattse, masu sayar da takalma da tabarau ta ko'ina, in ba a nuna maka ƙofar ba wucewa za ka yi.

Abin da ya cinye shi fansho ne. Baffansa da ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa ya yi wa Turawan Ingila aikin soja. Da ya rasu a 1806 aka yanka wa iyalinsa kuɗi, amma ta hannun wani basarake suke biyowa. Rufi 750, kuɗin Indiya, Galib yake samu a shekara, shi kuma ya tsaya a kan cewa an danne masa haƙƙi. Ya ɗauki ƙafa har Kalkata, cibiyar mulkin Turawa a lokacin, don kai kukansa, ya isa a 1828, ya dawo hannu rabbana. Ya yi fiye da shekara goma yana aika takardun koke, yana cin bashi a kan kuɗin da ba su taɓa zuwa ba.

Wannan ciwon na san shi. Wata kakar siyasa wani mawaƙi ya zo har gida cikin dare, wai ɗan takara na son waƙa kafin Juma'a. Baiti arba'in na zauna na tsara da fitilar waya, ba wuta, sauro na cin ƙafata. Bayan sati ɗaya ina teburin mai shayi sai ga motar kamfe ta wuce da lasifika, baitina ne tiryan-tiryan, har da amshin. Kuɗi fa? Sau goma sha ɗaya na je ƙofar gidan ɗan takarar nan. Yau Oga yana barci, gobe Oga ya yi tafiya. Ranar ƙarshe 'yata na kwance da zazzaɓi, na zauna a kan benci tun hantsi har la'asar, wani yaro da bai kai ƙanena na uku ba ya fito ya miƙa min dubu biyu, wai in hau mota. Na karɓa, abin da har yau yake ci min rai ke nan, na karɓa. Shi kuwa mawaƙin da aka yi hira da shi cewa ya yi a mafarki waƙar ta zo masa. Allah ya isa, ban yafe ba.

Ka yi haƙuri, na kauce. Da ina yaro labarin Galib na 1842 yana burge ni: an kira shi koyar da Farisanci a Kwalejin Delhi, ya zo har ƙofa, da Baturen da ya kira shi bai fito tarbarsa ba sai ya juya ya koma gida. Yanzu da nake sayen masara ina biyan kuɗin makaranta, kuskure nake ganinsa. Kar ka yi irinta. In ka samu koyarwa ko tsaron shago ka riƙe da hannu biyu, waƙa da dare ma ana yin ta. Bayan shekara biyar da wannan juyawar, caca ta kai Galib kurkuku. 'Ya'ya bakwai matarsa Umrao Begum ta haifa, ba wanda ya rayu. Sai a 1850 Sarkin Delhi Bahadur Shah Zafar ya ba shi aikin rubuta tarihin gidan sarauta a kan rufi 50 a wata, muƙamin malamin waƙar sarki kuwa yana hannun abokin hamayyarsa Zauƙ har Zauƙ ɗin ya rasu a 1854. Boren da Indiyawa suka yi wa Turawa a 1857 ya zo ya share fadar, fanshon ma aka tsayar shekara uku. Sarkin Rampur ne ya riƙe shi da rufi 100 duk wata.

Maganar kuɗinka kuma, ka sa wani dattijo da mutumin yake jin kunyarsa ya shiga, sau ɗaya, in bai biya ba ka daina asarar kuɗin mota. Nan gaba rabin kuɗi a hannu kafin ka tura ko baiti ɗaya, kuma ka fara sa waƙar a nan zauren da sunanka da kwanan wata. In akwai saƙon WhatsApp da ya ce ka rubuta masa, kar ka goge. Ni tawa wayar a kwata ta faɗa da damina.