Dutsen Washin da Aka Musanya Mini

Ka ce wani ya tallata maka dutsen washi ruwan ɗorawa, ya rantse na Beljiyam ne, kana so ka san yadda ake ganewa. Ajiye askar nan ka saurara, ɗana, ba zan maimaita ba.

Zuba masa ruwa. Na gaskiya ba ya sha, ruwan kwanciya yake yi a kansa, na kamfani mai araha kuwa zuƙewa yake. Ka goga masa ɗan guntu irinsa, ruwan zai yi fari kamar madara, kana ɗora aska ya koma toka-toka, ƙarfe ke nan yake ci. A yankin Vielsalm na ƙasar Beljiyam ake haƙo shi, kuma masu yin aikin ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira ganet, wajen kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na dutsen. Mulmulallu ne, ba sa yi wa bakin aska zane mai zurfi. Shi ya sa take bin kan jariri ranar suna ba ko ƙwarzane.

Irinsa maigidana ya bar mini, Allah Ya jiƙansa. Sama rawaya, ƙasa shuɗi mai duhu, haɗin Allah, layin da ya raba su a karkace. Tsakiyarsa har ta yi kwari don aiki. Akwai wani mai babbar riga da na daɗe ina yi wa aski da ƙaho, ni na yi wa 'ya'yansa kaciya. Ran nan ya ce in ba shi aro zai nuna wa wani baƙonsa mai tara irin duwatsun nan. Mutumin da kake shiga har cikin gidansa, da wane baki za ka hana shi? Da ya tashi mayarwa sai ya aiko direba da abu a naɗe cikin takarda. Tun ban kwance ba hannuna ya gaya mini. Na kamfani ne, an shafe shi da fenti, an manna a kan baƙin allo. Na je gidansa, ya shanya ni a zaure tun hantsi har azahar, ya fito yana sakace ya ce, "Haba wanzam, dutse ai dutse ne," ya miƙo mini kuɗin mota. Na kai ƙara wurin Sarkin Aska, ba shaida, ya rantse, magana ta mutu. Ni dai ban yafe ba.

Amma kada ka ce duk mai manne jabu ne. Akwai na ainihi da ake mannawa a kan baƙin allo don kada ya karye. Ruwa da aska su ne alƙalai.

Yadda ake kwantar da aska a kan dutse kuwa, ba zan ɓata yawuna ba. Ku yaran yanzu reza da kilifa sun lalatar da ku, baki ya dakushe ku yar, sai latsa waya.

In kuma wani irin dutsen aka tallata maka: farin dutsen Akansas na Amurka mai ake sa masa maimakon ruwa, kuma mafi taurinsa in ka haska tocila a gefensa haske na ratsawa. Na Japan, na wajen Kiyoto, da hatimin tawada yake zuwa, hatimi kuwa kowane ɓarawo na iya bugawa. Kada ka biya ko sisi sai ka wasa tsohuwar aska a kai, ka bi ta da fata, ka gwada a gashin hannunka a gaban mai shi. In ya hana ka jiƙa dutsen, miƙa masa kayansa.