Yadda Heaton Park ya tashi daga gidan attajiri ya koma wurin shaƙatawar jama'a

Malam, ka tambayi yadda aka yi Heaton Park na Manchester, a Ingila, ya zama na kowa da kowa. Sayensa aka yi, ba kyauta ba ce. Hukumar birnin ta saye shi a 1902 daga hannun Earl na Wilton, wani basaraken Ingila, kan fam 230,000. Faɗinsa ya kai eka 600.

Kafin cinikin, ƙasar gidan Egerton ce, wato zuri'ar da ke riƙe da sarautar Earl na Wilton. A 1772 Sir Thomas Egerton ya sa magini James Wyatt ya sake fasalin babban gidan, daga baya aka kewaye filin da katanga mai tsawon mil huɗu.

Da ya dawo hannun hukuma sai aka shiga sauye-sauye. Tafkin da ake tuƙa kwale-kwale a ciki an haƙa shi tsakanin 1908 da 1912. Marasa aikin yi aka ɗauka, da shebur suka yi haƙan, suna jan ƙasar a amalanke. A yaƙin duniya na farko sojoji suka yi sansani a wurin, a na biyu kuma sojojin sama. Fafaroma John Paul II ya jagoranci ibada a filin a 1982.

Inda aka yi sake shi ne gidan kansa. An yi gwanjon kayan cikinsa tun lokacin cinikin, hukumar kuwa fili take so, gini bai dame ta ba. Har wurin shan shayi aka mai da wani ɗakinsa. Gobara ta cinye ɓangaren yamma a 1983, gyara kuma sai a hankali saboda tsada.