Shin sunan Vadalà na Italiya daga Abdullahi ya samo asali?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai bin ƙwallon ƙafa ne, kuma tun shekarar 2015 da ƙungiyar Juventus ta karɓi aron wani matashin ɗan wasa mai suna Guido Vadalá daga Boca Juniors ta Ajantina, a cinikin da ya mayar da Carlos Tevez gida, sunan nan ya tsaya mini a rai. Kwanan baya wani abokina da ya yi zama a Italiya ya ce mini sunan na Italiyawa ne, amma asalinsa Abdullahi ne. Shin haka ne? Idan haka ne, kakannin masu sunan Larabawa ne ko Musulmi? Kuma masu amsa shi suna da yawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi gaskiya. Masanan da suka ƙare rayuwarsu wajen bin diddigin sunayen zuriya na Italiya, irin su Girolamo Caracausi da Emidio De Felice, sun mayar da Vadalà da ɗan'uwansa Badalà zuwa ga sunan Larabci Abdullah, wato bawan Allah. Italiyawa na rubuta shi da alama a kan harafin ƙarshe domin nuna cewa a nan ne murya ke sauka da ƙarfi, kamar yadda take sauka a kan gaɓar ƙarshe ta sunan Allah a bakin Balarabe. Sai dai sashen tambayarka na biyu, na ko kakanninsu Larabawa ne ko Musulmi, shi ne inda mutane da yawa ke yin gaggawar yanke hukunci, kuma a nan zan fi daɗewa.

Bari mu fara da yadda sunan ya sauya kama, domin Bahaushe ya fi kowa saurin gane wannan. Mu ma da Abdullahi ya shigo bakinmu ba mu bar shi yadda ya zo ba: mun yar da harafin ainun, mun taƙaita shi ya koma Abdu, sannan "b" ta narke ta zama "u" muka sami Audu. Haka Abubakar ya zama Habu da Buba da Garba, Muhammadu ya zama Mamman. Abin da ya faru a tsibirin Sisili da yankin Kalabriya bai yi nisa da wannan ba. Ainun ta faɗi tun da babu ta a harshensu, wasalin farko ya bi ta, sannan aka cusa wasali tsakanin "b" da "d" saboda harshensu ba ya son haɗuwar baƙaƙen nan biyu, sai ga Badalà. Shi kuwa harafin "v" na Vadalà hanyoyi biyu suka haɗu suka haifar da shi. Ta farko ita ce Girkanci: harafin da Girkawa ke rubuta sautin "b" na baƙin kalmomi da shi, wato beta, tun kafin wancan zamani furucinsa ya riga ya koma "v", don haka duk wanda ya karanta Abdalla a rubutun Girkanci Avdalla zai furta. Ta biyu kuma, a karin harshen mutanen kudancin Italiya "b" da "v" suna yawan musanya wuri a farkon kalma. Saboda haka Vadalà da Badalà suna ɗaya ne, bambancin baki ne kawai da na alƙalamin magatakarda.

To, me ya kai sunan Larabci can? A shekarar 827 rundunar daular Aglabawa ta taso daga ƙasar da ake kira Tunisiya a yau ta sauka a Mazara, a kudu maso yammacin Sisili, wadda a lokacin take hannun Rumawa masu mulki daga Kustantiniyya. Jagoran rundunar ba wani gogaggen barde ba ne, alƙalin birnin Ƙairawan ne, Asad ɗan Furat, wanda ya yi karatu a gaban Imamu Malik a Madina, kuma a tsibirin ya rasu shekara guda bayan saukarsu. Cin tsibirin ya ɗauki lokaci mai tsawo: Palermo ta faɗi a 831 ta zama fadar mulki, Sirakusa a 878, Taormina a 902, kuma sai a 965 garin Rometta, wanda ke kan duwatsun arewa maso gabas, ya faɗi. Ka riƙe wannan jeri a zuciyarka, domin yana da amfani a gaba. Yammacin tsibirin ya musulunta sosai kuma Larabci ya zama harshen gida da kasuwa, amma kusurwar arewa maso gabas, wajen birnin Messina, ta ci gaba da zama ƙasar Kiristoci masu jin Girkanci.

Normandawa, mayaƙan da suka fito daga arewacin Faransa, sun tsallako suka kama Messina a 1061, Palermo a 1072, suka kammala da garin Noto a 1091. Ba su kori Musulmi nan take ba, kuma ba su jefar da tsarin mulkin da suka tarar ba. Fadarsu ta ci gaba da rubutu da Larabci da Girkanci da Latinanci, kuma a fadar Sarki Roger na Biyu ne masanin taswira al-Idrisi ya kammala aikinsa a 1154. Abin da ya fi shafar tambayarka shi ne wasu dogayen takardun fata da ake kira jarida, kalmar nan dai da mu muke kiran takardar labarai da ita. A cikinsu ake jera sunayen talakawan da sarki ya ba wa wani coci ko wani basarake tare da ƙasar da suke nomawa. Akwai na yankin Catania na 1095 da aka sabunta a 1145, akwai kuma na babban cocin Monreale na 1178 da 1183. A wasu daga cikinsu za ka ga magatakarda ya rubuta sunan manomi da Larabci, sannan an sake rubuta sunan nan da haruffan Girkanci a jikinsa, layi bayan layi, domin mai karɓar haraji da ba ya karanta Larabci ya iya kiran mutumin. A irin waɗannan layuka ne ake ganin sunayen Larabci suna sa rigar Girkanci, kuma daga nan suka gangara zuwa bakin masu jin harshen Sisili.

Yanzu mu zo ga zancen jini da addini. A ganina kuskure ne a ce duk mai amsa Vadalà jikan Balarabe Musulmi ne, kuma dalilaina ba na son rai ba ne. Sunan Abdullahi ya girmi zuwan Musulunci, shi ne ma sunan mahaifin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Kiristoci masu magana da Larabci sun daɗe suna raɗa wa 'ya'yansu shi, domin su ma Allah suke kiran Ubangiji. A Sisili akwai Kiristoci da yawa da Larabci ya zama harshensu bayan ƙarni biyu na zama tare, suna ibada da Girkanci amma suna raɗa suna da Larabci. Akwai Barbarawan Arewacin Afirka da suka zo cikin runduna, akwai 'yan ƙasa da suka musulunta sannan jikokinsu suka koma Kiristanci a ƙarƙashin Normandawa, sunan kakan ya liƙe musu. Ga kuma hujjar da na fi ba nauyi: da a ce sunan alamar zuriyar Larabawa ce tsantsa, da a yammacin tsibirin ya kamata ya fi yawa, wajen Palermo da Mazara. Amma inda ya taru shi ne gaɓoɓi biyu na mashigin ruwan Messina, wato lardin Messina da lardin Reggio Calabria, ƙasar da Girkanci ya fi daɗewa a raye, har yau ma akwai tsofaffi a ƙauyukan wajen Bova da ke jin wani tsohon karin Girkanci. Ruwan da ya raba gaɓoɓin nan bai fi kilomita 3 da 'yan kai ba a inda ya fi ƙunci, kuma mutane sun yi ta kai da kawo a kansa tun fil azal.

A ƙara da cewa Musulmin da suka riƙe addininsu ba su tsaya a tsibirin ba. Bayan tawaye da dama, Sarki Frederick na Biyu ya fara kwashe su tun daga shekarun 1220 yana kai su garin Lucera da ke yankin Puglia, kuma a 1300 Sarki Charles na Biyu ya rushe wannan mazauni, aka sayar da mutanensa da yawa a matsayin bayi. Wato waɗanda suka saura a Sisili da Kalabriya har suka gadar wa jikoki sunan, Kiristoci ne a lokacin da sunan ya zama na gado, ko da wane ne kakansu na farko. Abin da sunan ke tabbatarwa shi ne an taɓa yin wani mutum da ake kira Abdullah a wannan zuriya, a zamanin da Larabci ke da kasuwa a ƙasar. Ba ya faɗin launin fatarsa, kuma ba ya faɗin inda yake fuskanta idan zai yi ibada.

Yana da kyau ka san cewa Vadalà ba shi kaɗai ba ne. Fragalà daga Farajullah yake, wato buɗi daga Allah. Zappalà, wanda ya yawaita a wajen Catania, ana mayar da shi ga Izzu billah, ɗaukaka da Allah. Morabito murabiɗ ne, mai zaman ribaɗi. Cabibbo kuwa Habibu ne, kuma shi ne sunan shahararren masanin kimiyyar fiziks Nicola Cabibbo wanda ya rasu a 2010. A tsibirin Malta, inda harshen ƙasar ya tsiro daga Larabcin Sisili, sunan namu ya tsaya kusa da asalinsa, ana cewa Abdilla. Amma a yi hattara, ba duk sunan da ya ƙare da "alà" ko "à" ne ke ɗauke da sunan Allah ba. A wannan yankin akwai sunayen sana'a na Girkanci masu irin wannan ƙarshe: Zuccalà maginin tukwane ne, Laganà mai sayar da ganyen miya ne. Kamannin sauti ba hujja ba ne, sai an ga tsohon rubutu ya goyi baya, kuma Vadalà yana cikin waɗanda rubutun ya goya wa baya.

Yadda sunan mutum ɗaya ya zama na zuriya kuwa, a hankali abin ya faru. Da farko ana cewa wane ɗan Badalà, kamar yadda muke cewa wane na Audu, har ya zama laƙabin gida. Abin da ya kafe shi shi ne umarnin babban taron cocin Katolika na garin Trento, wanda aka rufe a 1563, cewa kowane limamin coci ya riƙa rubuta baftisma da aure a littafi. Limamin yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne, shi ya sa a littafin ƙauye ɗaya za ka iya samun uba da "b" ɗansa kuma da "v". Rajistar hukuma ta haihuwa da mutuwa ta fara a Kalabriya a 1809, a Sisili kuma a 1820, daga nan rubutun kowane gida ya tsaya wuri guda.

Game da yawansa, Italiya na cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan sunayen zuriya, sun haura 300,000, kuma mafi yawansu na yanki ɗaya ne ko ma na 'yan garuruwa. Rossi, wanda ya fi kowane yawa, gidajen da ke amsa shi dubbai ne barkatai daga arewa har kudu. Vadalà ba ya cikin wannan sahu ko kusa, gidajensa ɗaruruwa ne, kuma mutumin Venice ko Florence zai iya tsufa bai haɗu da mai sunan ba, alhali a Reggio Calabria da Messina sunan maƙwabci ne da ba ya ɗaga wa kowa gira. Badalà ya fi shi ƙaranci, kuma gabashin Sisili ya fi zama, musamman wajen Catania. Waɗanda ake samu a Roma da Milan da Turin galibi jikokin waɗanda suka hau arewa neman aikin masana'antu ne a shekarun 1950 da 1960.

Ɗan wasan da ka ambata an haife shi a birnin Rosario na Ajantina a 1997, kuma sunansa ya bi hanyar da miliyoyi suka bi. Tsakanin 1876 da 1915 kimanin mutum miliyan 14 suka bar Italiya, talauci da rashin gona suka kore su, kuma girgizar ƙasar 28 ga Disamba 1908 da ta rusa Messina da Reggio, ta kashe dubun dubatar mutane, ta faɗa daidai kan mahaifar wannan suna. A Ajantina an juya alamar da ke kan harafin ƙarshe ta dace da ƙa'idar Sifaniyanci, Vadalà ya koma Vadalá, furucin bai canja ba. A Amurka kuwa alamar ta ɓace gaba ɗaya, aka bar Vadala, ƙarfin murya ya gusa daga gaɓar ƙarshe.

Idan akwai mai sunan da ke son bin asalinsa, abin da zai fara nema shi ne sunan garin da kakansa ya fito, ba ma'anar suna ba, domin rajistar Italiya gari-gari aka tsara ta. Hukumar adana kayan tarihi ta ƙasar ta ɗora hotunan tsofaffin rajistoci kyauta a shafinta na intanet mai suna Antenati, kuma da sunan gari da shekarar haihuwa mutum zai iya komawa baya har farkon ƙarni na 19. Daga nan sai littattafan coci, waɗanda a inda suka tsira daga girgizar ƙasa da gobara kan kai mutum ƙarshen ƙarni na 16. Tsakanin wannan lokaci da zamanin jaridun Normandawa akwai tazarar shekara kusan 400, kuma gidan talaka ba kasafai yake da takardar da za ta cike ta ba.