Ga ƙanwata da ta ce ta gaji har ba ta jin daɗin sallah

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce yaranki huɗu, ƙaramin yana shan nono, ga aikin koyarwa, ga jinyar surukarki a wuyanki. Kina kwana da gajiya ki tashi da ita, kina yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, in kin tayar da sallah zuciyarki ba ta wurin, har kina tsoron imaninki ne ya yi rauni. Na ga 'yan uwa sun ce ki ƙara haƙuri da azkar. Gaskiya suka faɗa, amma ina da ƙari, don na shiga irin wannan hali bayan haihuwata ta uku.

Ni ban ga raunin imani a maganarki ba, mace na gani da aiki ya fi ƙarfinta. Ki buɗe Suratu Maryam, aya ta 23 zuwa ta 26. Nana Maryam, wadda Allah Ya zaɓa a kan matan duniya, da naƙuda ta kai ta gindin dabino cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan, ta zama abin mantawa. Ba a tsawata mata ba. Aka ce kada ta yi baƙin ciki, ga ruwa yana gudana a ƙarƙashinta, ta girgiza dabinon nunannun 'ya'ya su zubo, ta ci, ta sha, hankalinta ya kwanta. Lallashi aka fara yi mata, sannan abinci da ruwa. Mu kuwa mace ta ce ta gaji, sai a tambaye ta ko ta daina tsayuwar dare.

Ko ibadar ma an sa mata ma'auni. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci, aka ce ta Nana Zainab ce, tana riƙe ta in ta gaji da sallah. Ya ce a kwance ta, mutum ya yi sallah yana da kuzari, in ya gaji ya zauna. Saboda haka a wannan lokaci ki riƙe farillanki da kyau, ki rage nafila ba tare da jin kin yi laifi ba. Ni azumin Litinin da Alhamis na ajiye har na yaye, na riƙe tasbihin da aka koya wa Nana Faɗima lokacin kwanciya: Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 34. Ki lura da yadda aka yi ta same shi. Niƙa ya ci hannunta, ta tashi ta je neman mai taya ta aiki. Ba ta samu ba, an ba ta abin da ya fi, amma ba a ce ta yi rashin haƙuri don ta faɗi damuwarta ba.

Ke ma ki buɗe baki. Ki samu maigida lokacin da yake a natse, kada ki tsaya a "na gaji", don maza da yawa ba sa gane abin da ake nufi. Ki ce kina so ya riƙa kai yara Islamiyya, kina so ranar Asabar ki samu barcin rana. Da aka tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa. Batun Hajiya surukarki kuma, kina samun lada mai yawa, amma jinyarta haƙƙi ne a kan 'ya'yanta kafin ke. A zauna da su a raba kwana. Na san da nauyi a faɗa, ana tsoron a ce matar ɗa ta ƙi uwar miji, shi ya sa ya fi kyau maganar ta fito daga bakinsa.

Sannan don Allah ki je asibiti a auna jininki. Ni da na je, ƙarancin jini aka samu, kuma da na sha maganin wata da watanni, rabin nauyin da nake ji ya sauka. Wata kuma matsalar maƙoƙo ce ke sa ta kasala. In kuka ba dalili, rashin barci ko da jariri ya yi barci, da rashin sha'awar komai sun wuce mako 2, ki faɗa wa likita ɓaro-ɓaro, don akwai ciwon damuwa da ke kama mata bayan haihuwa kuma yana da magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta Sakkwato, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ma yana da sashen. Zuwa can ba hauka ba ne. Ki ci gaba da ruƙiyyarki da "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan", ba sa karo da magani.

In kuwa tunanin cutar da kanki ko jaririn ya taɓa zuwa miki, kada ki kwana da shi. Ki gaya wa Mama ko wata yayarki a ranar, a raka ki wurin likita. Allah Ya yaye miki, Ya ba Hajiya lafiya.